Buzun da Ka Shimfiɗa a Hanyar Ruga

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Na ji an ce likitocin Yamai sun hana ka waya, shi ya sa na rubuta a nan, ko wani ya karanta maka.

Safiyar nan ta bara ce ke hana ni sukuni, ranar da shanun ruga suka kwana cikin shinkafarmu a fadamar Tanda. Na ga samari sun nufi ruga da adduna, yayana Idi a gaba. Na ga babur ɗin kabu-kabu ya sauke ka gabansu, a siririyar hanyar nan mai ruwa dama da hagu. Ka shimfiɗa buzu, ka fuskanci gabas, wajen rugar, ka tayar da sallar walaha.

To wa zai gifta gaban mai salla?

Suka tsaya jiran ka sallame. Kana sallamewa sai ka sake kabbara. Rana ta ɗaga, kana ta salla, ina gani. Addar Idi ta sauka a hankali har bakinta ya taɓa ƙasa. Sai da Arɗo ya iso da ƙafarsa sannan ka juyo ka ce, "Ku zauna, na gaji."

Baba, yanzu shinkafa ta nuna, shanu sun dawo bakin kogi, kai kuma ba ka nan. A tasha ana yaɗa wai saniya aka ba ka ka yi sallar nan. Idi ya fara sauraronsu. Jiya na tarar da shi yana wasa adda, ya ce ta girbi ce. Mu da lauje muke yankan shinkafa.

Buzunka na rataye inda ka bar shi. Almajiranka manya suna wucewa, ba wanda ya taɓa shi.

Allah ya tashi kafaɗunka, ya dawo mana da kai kafin a sa lauje.

Masu zancen saniya kuma, ba ni kaɗai na ga ka koma gida hannu wofi ba. Arɗo ya gani, Garba mai kabu-kabu ya gani. Idi ma yana wurin, shi ya naɗe maka buzun.

Ɗanka,
Sani na bakin fadama, Gaya