Awa Arba'in da Ban Rubuta Ba

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna, ta fara takawa? Ki gaishe da maigidanki da yara.

Ni lafiya lau, aikin ba wuya. Ina zaune gaban kwamfuta, duk jirgin sojan da ya sauka in shigar da awannin da ya yi a sama. Manhajar kwamfutar ke lissafi, ta faɗi lokacin duba fikafikai ko sun fara tsagewa.

Sai dai yau na gano na tafka kuskure. Ashe tun watan jiya awannin wani jirgi nake zuba wa wani, lamba ɗaya ce ta raba su. Wanda ban rubuta wa awanninsa ba ya wuce lokacin dubawa da awa arba'in, manhajar kuwa tana cewa lafiya. Na ruga na gaya wa babban injiniya, amma jirgin ya riga ya tashi. An kira shi ya juyo.

Matuƙinsa Dogo ne, mai tambayata jikin Inna kullum. Ina rubutun nan ina leƙen taga.

Ki ce wa Inna ta yi addu'a, kar ki faɗa mata dalili. In aikin zai tafi ya tafi, Yaya, Dogo dai ya sauko.

Ƙaninki