Mai Kaɗa Dashen Tumatir

Amparo tawa,

Ya ƙafar Mama, ya 'yarmu Nayeli? Ina sanar da ke likkafata ta ci gaba a Ontario: an naɗa ni mai kaɗa dashen tumatir da sanda, don ɗakin gilashin da ake rainonsa ba iska. Na ce wa shugabanmu Anacleto wannan zalunci ne. Ya ce, "Kai sarkin karatu, dashen da ba a kaɗa ba, yana fita fili zai kwanta."

Lafiyata lau, bayana ne kawai ke gunaguni, aikin baɗi kuma ba tabbas. In raɓa ta lulluɓe gilashin, kamar a ƙarƙashin kogi nake tafiya, ina hango Nayeli lokacin tana koyon tafiya, ni ina riƙe da rigarta.

Karatun jinyar da na hana ta a Puebla, bar ta ta tafi. Ni ne na yi kuskure.

Allah ya tsare min ku.
Eusebio