Lemon Tsami Biyar da Tsohon Buroshi

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai gyaran famfo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, na rubuto ne in sanar da kai cewa sanyi ya shigo Unguwar Shanu, kuma shi ne na farko da muke yi ba ka nan.

Baba, hitar banɗakin Inna ta tsaya. Wadda ka ɗaura a bango shekara huɗu da suka wuce, marar tanki, mai ɗumama ruwa yana wucewa. Ka ce don hannuwan Inna ka sayo ta, saboda sanyin ƙashi ba ya barin ta lanƙwasa yatsu da safe. Ranar Talata aka buɗe famfo, jar fitilar ba ta kama ba, ruwa ya zubo kamar daga randa.

Kwana shida na yi a kanta. Na kashe babban makunni kamar yadda ka koya mini, na duba fiyus. Na auna wutar da ke shiga, lafiya ƙalau. Ƙarfen da ke ɗumama ruwan bai ƙone ba. Na hau na leƙa tankin sama, a cike yake. Duk abin da na auna na rubuta a littafi, na sake aunawa sau uku, don ban yarda da kaina ba. Wata biyar da kammala karatun injiniyan lantarki, ga akwatin da bai fi faranti ba ya gagare ni.

Inna ta koma dafa ruwa a butar shayi tana ɗauka zuwa banɗaki. Ranar Juma'a hannunta ya saki, ruwan ya zube dab da ƙafarta. Allah Ya tsare, amma tun daga ranar da ruwan sanyi take alwala. In na yi magana ta ce ba komai, alhali ina ganin yadda take cusa yatsunta cikin mayafi bayan ta idar da salla.

Ƙaninka Baffa Bala ya ce a cire a sayo wata. Ni kuwa na ɗaga kai na dubi inda take. Zanen fensirinka yana nan a bango, inda ka auna iyakar da hannun Inna ke kaiwa.

Jiya Inna tana yanka lemon tsami, sai ta ce bana babu mai sace mata lemo. Ashe duk farkon sanyi kakan ɗauki guda biyar da tsohon buroshin haƙori, ka shige banɗaki ka turo ƙofa. Ita ta ɗauka tayil kake wankewa.

Nan take na tara bokiti mai lita goma a famfon banɗakin. Minti bakwai ya yi kafin ya cika, na kicin kuwa minti biyu. Irin wannan hita ba ta kamawa sai ruwa ya ratsa ta da ƙarfi. Na san haka, amma wuta na yi ta zargi, don ita na karanta. Kai kuwa kakan ce, "Hadiza, fara sauraron ruwa kafin ki ɗauki sufana."

Na kashe wuta, na rufe ruwa, na kwance bututun da ke shiga ta ƙasa. A bakinsa akwai 'yar rariya kamar maɓallin riga, ta toshe da yashi da farin dattin ruwan burtsatse. Na jiƙa ta a ruwan lemo, na goge, na mayar. Ina buɗe famfo fitila ta kama.

Inna ta tara hannu, ta daɗe ba ta janye ba. Sai ta kira sunanka.

Baba, me ya hana ka faɗa mana? Abubuwa nawa kake yi a gidan nan shiru, waɗanda ba za mu sani ba sai sun tsaya? Ina tsoron ranar da za su fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na so a ce kana tsaye a bakin ƙofar kana yi mini dariya, kana cewa injiniya ta sha kaye a hannun yashi.

Ƙarƙashin zanenka na rubuta da fensir: farkon sanyi, lemo biyar.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Duk alwalar da Inna ta yi da ruwan nan, Allah Ya kai ladan gare ka. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza