Minti Huɗu a Ƙofar Ɗakin Kulorin

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da rundunar 'ya'yanki. Ya ƙafar Inna?

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa ƙanin nan naki, wanda kika yi hasashen ba zai tsinana komai ba, yau shi ke shayar da rabin gari. An tura ni ɗakin kulorin na matatar ruwa, inda muke sa wa ruwa iskar da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kaɗan daga cikinta magani ce. Idan kuwa ta kuɓuce daga tukunyarta, ƙasa take bi, tana ƙona huhun duk wanda ya shaƙe ta.

Shugabana wani dattijo ne da ake kira Baba Sifana, shekara ashirin da shida bai taɓa barin ta tsere ba. Dokokinsa biyu ne: ba a shiga ɗakin sai mutum biyu, kuma ba a ɗora takunkumin numfashi a kan gemu, domin gashi yana hana robar kama fata. Kin dai san gemuna, wanda na shekara biyu ina renonsa da mai da mataji. Sau uku Baba yana yanke masa hukuncin kisa, sau uku ina ɗaukaka ƙara. Jiya ya yi dariya, ya ɗage shari'ar zuwa ƙarshen wata.

A gaida Inna.

Naki, Mai Girma Auta.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni ƙalau nake, kuma wannan ne abin da ke damuna.

Ranar Talata da hantsi jiniya ta yi kuka. Bututun wata tukunya ya tsage, iska kuma tana kaɗawa wajen gidajen da ke bayan katangarmu. Ni da Baba muka goya tukwanen iskar numfashi, muka sa takunkumi. Muna isa bakin ƙofa warin ya shigo mini ta gefen haɓa, maƙogwarona ya kama wuta. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya tura ƙirjina baya, ya shiga shi kaɗai.

Ya rufe tukunyar, babu gida ɗaya da ya cutu. Amma a fitowa sarƙar da ake ɗaure tukwane ta harɗe ƙafarsa, ya faɗi, takunkuminsa ya goce. Da ina bayansa, hannu ɗaya zan sa in gyara masa. Minti huɗu ina tsaye a waje da nawa takunkumin a hannu, har ya rarrafo bakin ƙofa na ja shi.

Yanzu yana asibiti da bututu a maƙogwaro, ba ya iya magana. Kwamitin bincike ya rubuta cewa ya karya doka, ya shiga shi kaɗai ba tare da jiran abokin aikinsa ba. Ni kuma an yaba mini da jarumtaka. Babu wanda ya tambayi dalilin tsayuwata a waje, domin tun yammacin ranar na aske gemun, kwamiti ya ga fuska sumul.

Na nemi wata babbar kalma da zan kira wannan aiki nawa, ban samu ba sai tsoro. Ranar Litinin za su sa hannu a rahoton. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Autanki.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Wasiƙarki ta iso, kuma kin yi gaskiya da kika ce kada in bar laifina a kan Baba.

Na je gaban kwamiti da tsohon katin aikina mai hoton gemun, na faɗi komai. An cire laifin daga sunan Baba, an mayar da shi inda ya dace. An dakatar da ni, watakila korar tana tafe. Wannan bai yi mini nauyi kamar yadda na zata ba.

Mai nauyin yana asibiti. An cire wa Baba bututun, amma likita ya ce huhun ba zai koma daidai ba, ko matakala biyar ba zai ƙara hawa ba sai ya huta. Matarsa kuwa kullum sa mini albarka take yi, tana nuna ni ga 'yan dubiya. Jiya na durƙusa a gabanta a bakin gadon, na gaya mata dalilin da mijinta ya shiga shi kaɗai. Baba ya yi ta girgiza mini kai, ban tsaya ba.

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Can tari ya turnuƙe Baba, ta yunƙura ta ɗaga shi, ta kasa. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Tashi ka tallafe masa baya, ni ƙarfina ya ƙare."

Na tallafe shi har tarin ya lafa. Yaya, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Gobe da safe zan koma. Ki sa shi a addu'a kafin ni.

Ƙaninki, Auta.