Faifan Habi da Binciken Ni'ima

Hajiya Fadima, don Allah ki agaza mini. Ban saba kai kuka ba, balle ga jarida, amma wannan ta fi ƙarfin girman kaina.

Ni tsohon malamin kimiyya ne. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da ilimin sinadarai a ɗakin gwajin da ko famfo babu. Bayan na yi ritaya 'yan bindiga suka taso mu daga Gatawa, muka raɓe a Sabon Birni. Na ga masu fararen motoci sun zo da alkawarin ruwa, sun ɗauki hoto sun wuce. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da sabon abu, sai in ce Allah ya ba da sa'a, in juya masa ƙeya.

Sai ga ɗiyata Ni'imatullahi, mai karatun digiri na biyu a Sakkwato, ta ɗauko nata. Rijiyarmu tana gefen fadama, kuma a nan masu albasa da tattasai ke wanke tankin feshinsu. Bincikenta shi ne yadda za a raba ruwa da ragowar maganin ƙwari. Ta zo da wani faranti mai faɗi da aka shafe cikinsa da farin gari, ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ido, wai nano ake ce masa. Ta ce hasken rana ke tada garin ya wargaza dafin. In ba rana, faranti ne kawai. Aikina in zuba ruwan rijiya da hantsi, in bar shi a rana, da la'asar in ɗura a kwalba, Lawwali direba ya kai mata. Na yi mata ba'a, amma na yi.

Shekaranjiya ta kira ni tana kuka. Ruwan da nake aikawa bai bambanta da na rijiya ba. Tana ganin garin da ta haɗa ne ba shi da kyau, har tana maganar ajiye karatun. Ni kuwa, maimakon lallashi, sai na ce mata ai dama na faɗa.

Jiya na dawo daga majalisa da wuri, na iske farantin a gindin dalbejiya, an kifa masa faifai. Aikin matata Habi ne. Ashe kullum ina fita take jansa inuwa, kafin in dawo ta mayar. Hujjarta ita ce gidan mutunci ba ya barin ruwa a buɗe, ga awaki ga ƙudaje, kuma ruwan da ya sha rana zazzaɓi yake sawa. A ganinta ɗiyarta take taimako.

Yanzu in na faɗa, na haɗa uwa da ɗiya, kuma sai in lashe amaina. In na yi shiru, yarinya ta watsar da karatu a kan faifai. Ya za ni yi?

Tsohon Malamin Kimiyya, Sabon Birni

AMSA

Malam, sannu da haƙuri. Amma bari in tsokane ka kaɗan: wanda bai yarda da abu ba, ba ya ɗura kwalba kullum yana bin direba tasha. Bakinka ne ya fid da rai, ƙafarka ba ta sani ba.

Kada ka ga laifin Habi. Rufe ruwa tarbiyya ce mai kyau, da ita ta raini 'ya'yanku lafiya. Ka koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, amma ɗalibar da ke cikin gidanka ba ka yi mata darasi ko ɗaya ba. Da ka ce mata rana ce ke yin aikin, da ba mu zo nan ba. Ita ma Ni'ima ta bar wa uba bayani, ta manta wa ke iko da tsakar gida.

Ka kira Ni'ima yau, ba gobe ba. Ka fara da naka sakacin, sannan ka zo kan faifai. Za ka ji kuka ya koma dariya. Kai malami ne, ka san gwajin da aka yi a inuwa ba asara ba ne, ta samu abin kwatantawa. Ka tambaye ta ko murfin gilashi mai haske zai yi, don hankalin Habi ya kwanta, sannan ku damƙa wa Habi gadin farantin.

Ko garin zai yi aiki, bincike ne zai nuna, don haka kada kowa ya sha ruwan gwajin. Kafin nan, ka kai wa mai unguwa maganar wanke tankin feshi a bakin rijiya, muryar dattijo irinka tana da nauyi.

Lashe amai a gaban ɗiya ba ya rage uba. Allah ya ba Ni'ima nasara, ya ƙara muku zaman lafiya, ya kawo mana ƙarshen fitinar yankinku.

Hajiya Fadima