Doru da Turu a Gidan Surukinka

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya karatu, ya sanyin Turkiyya? Innarka da ƙannenka duk lafiya lau.

Ka tuna kalmar da ka koya mini ta waya? Ka ce in Baturke zai ce "gaskiya ne", sai ya ce "doru", ita ce kuma "daidai", ita ce "miƙe sosai". To, na je Affala nema maka auren Hadiza wurin mahaifinta, Malam Idi. Yana faɗin tarbiyyar 'yarsa, ni kuma don ya san ɗanmu ya yi nisa a boko, na riƙa gyaɗa kai ina cewa, "Doru, Malam, doru!"

Sani, ba ka taɓa gaya mini surukinka na da doro ba.

Malam Idi ya ce, "Alhaji, bayana ka zo gani ko 'yata?"

Garin gyara na ce, "Wallahi yaren waje ne, da Ingilishi ma turu ake cewa."

Ya ce, "Turun da ake ɗaure mahaukata? Ni?"

Sai da liman ya sa baki kafin a karɓi goronmu. Daga baya ƙanwarka ta duba wayarta, ta ce Turkawa na cewa "hakikat". Haƙiƙarmu ta gida! Ita ka ɓoye mini?

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. In ka dawo, gaida surukinka da Hausa.

Baffanka, daga Tawa.