Ɗan Aiken da ke Cikin Ƙwayar Zazzaɓi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Ni ne dai Sani, mai bakin nan da kika sha fama da shi.

Inna, har yau ban yafe wa kaina ba. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ke, yayanki Kawu Bala ya ce a dafa miki darbejiya. Ni kuwa na kira shi jahili a gaban surukansa. Ya kafe, ya rantse ba mai kai ki asibiti. Kwana uku muka ɓata muna gardama a kanki.

Tun daga nan nake bibiyar abin da ya kashe ki. A rumfarmu ta kasuwar Muda Lawal, mudu a hannu ɗaya, waya a ɗaya, 'yan kasuwa na tsokanata da "Dakta". Su yi ta yi.

Ashe halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, ba kunne ba baki, tana ɓuya cikin ƙwayar jini. In lokacin fitarta ya yi, wani ɗan aike a cikinta ne ke zuwa ya buɗe rumbun kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi da ɓawon ƙwai. Kalsiyam na kwararowa, sai ta feso abin da zai fasa mata hanya. In aka tare ɗan aiken, tana nan a kulle. Masu bincike na neman maganin da zai tare shi, kuma wallahi ina sa rai.

Na tuna yadda kike cewa, "Sani, haɗiye yawu tukuna."

Makon jiya takwararki Ummi, 'yar Yaya Rabi, ta kwanta. Jikinta zafi rau. Kawu ya ce a ɗora tukunya. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, irin waccan. Na haɗiye. Na durƙusa na roƙe shi a fara auna jininta, don darajar sunan da take ɗauke da shi.

Sannan shi da kansa ya saɓa ta a kafaɗa, tun daga unguwarmu ta Fadaman Mada har bakin titi, muka nufi asibiti. Aka auna jinin, aka ɗora ta a kan magani.

Yau da safe ta shanye kofin kunu, har tana neman ƙari.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya raya mana Ummi, Ya riƙe mini harshena.

Ɗanki da ya fara jin magana,
Sani